Uban da ba ya yarda: yadda ake gina shi a katun ɗin aljanu na ban dariya

Wani matashi daga Tudun Wada a nan Kaduna ya turo wannan tambaya. Yana rubuta shirin katun mai dogon zango, na ban dariya, a kan yara biyu, wa da ƙanwa, da suka tarar da aljanu a gidan hayar da iyayensu suka koma. Uban yaran ba ya yarda da komai daga abin da suke faɗa. Ya rubuta kashi uku, waɗanda suka karanta sun ce uban ya cika ban haushi, wasu kuma sun ce kamar ana taɓa addini. Yana son sanin inda matsalar take da yadda zai gyara.

Ƙanena, ƙorafin nan guda biyu tushensu ɗaya ne. Uban da ka rubuta aro shi ka yi daga katun ɗin Turawa da muka taso muna kallo, inda uba yake ninke jarida ya ce wa ɗansa babu wani abu wai shi fatalwa, ya je ya kwanta. A Amurka ko Ingila wannan magana ce ta mutum mai hankali, kuma mai kallo yana ganin maƙwabcinsa a cikinta. Amma ka ɗauko kalaman nan ka sa su a bakin magidanci Bahaushe Musulmi da ke zaune a Tudun Wada ko Rigasa, ya ce babu aljanu, to ya ƙaryata abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Akwai sura sukutum mai sunansu, ta 72, kuma a Suratuz Zariyat aya ta 56 Allah ya ambaci halittar aljanu da mutane tare. Mai kallo yana jin haka dariyarsa take tsayawa, ya fara tunanin wane ne ya rubuta wannan abu kuma me yake nufi. Waɗanda suka ce maka uban yana da ban haushi su ma abin da suka ji ke nan, ko da ba su iya faɗarsa ba: ba su san irin wannan uba ba, ba su taɓa zama da shi ba.

Abin da za ka canza shi ne abin da yake shakka a kansa. Ka dubi iyayenmu na gaske. Da yawa cikinsu sun yi imani da aljanu ɗari bisa ɗari, amma ka zo ka ce musu ka ga aljani a bayan gida jiya da daddare, sai su tambaye ka me ka ci kafin ka kwanta. Shakkarsu a kan mai labarin take, da kuma wannan motsin da aka ji a wannan daren. Uban ka ya zama irin wannan. Yana sallarsa a jam'i, yana karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya kwanta, magariba na yi ya kora yara cikin gida kamar yadda hadisi ya koyar, sannan idan tukunya ta tashi sama a kicin ya ce murhun ne ba a daidaita ba. Kuma yana da hujja ta ilimi da zai tsaya a kai. A Suratul A'araf aya ta 27 an ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganin mutane ta inda mutane ba sa ganinsu. A Suratu Saba'i aya ta 14 aljanu sun ci gaba da aikin wahala ga Annabi Sulaimanu bayan ya rasu, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi, wanda ya nuna ba su san gaibu ba. Ga kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Mutumin da ya riƙe waɗannan yana iya tsayawa gaban duk unguwa ya ce ba zai ba kowa ko sisi ba don a kore masa aljani, kuma babu wanda zai ce ya fita daga hanya. Ba lallai ka sa ayoyin a bakinsa ba, hasali ma ina ba ka shawarar kada ka sa su cikin fitowar da ake dariya. Kai marubuci ka san su, sai su bayyana a yadda yake tsayawa.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda na tabbata kashi ukun nan naka ba su amsa ba: me zai rasa idan ya yarda?

Uban da ke ƙin yarda don kawai labari ya ci gaba, shi ne mai ban haushi. Wanda ke ƙin yarda saboda yardar za ta ci masa wani abu, shi mai kallo yake tausaya wa yana kuma dariya. Kaduna ta ba ka abin da za ka gina wannan da shi ba tare da ka je nesa ba. Ka ba shi sana'a tukuna. Masaƙun Kakuri sun fara da Kaduna Textiles a 1957, sun ciyar da dubban gidaje, kuma daga farkon shekarun 2000 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A ce uban nan ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikinsu, aka rufe, ya koma gyaran wuta da injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse a unguwa. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana bin waya har ya gano inda ta tsinke. A wurinsa kowane motsi yana da sanadi, kuma sanadin yana da wurin da za a sa gwajin wuta a taɓa. Ka ga ke nan bayanansa za su fito daga hannunsa: ƙwan fitila ya kunna kansa saboda an haɗa waya ba daidai ba, ƙofa tana buɗewa saboda kafinta bai iya aiki ba, muryar da ake ji a rijiya rediyon maƙwabta ce. Sannan ka ba shi dalilin aljihu. Ya tattara abin da yake da shi ya biya kuɗin hayar shekara guda gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a garin nan. Gidan ya yi araha fiye da kima, kuma bai tambayi dalili ba don ba ya son jin amsar. Ranar da ya furta cewa akwai wani abu a gidan, uwar yara za ta ce a tashi, shi kuma ya san babu inda za su.

Za ka iya zurfafawa fiye da haka idan kana so. A ce yana da ƙanwa da ta yi fama da farfaɗiya tun suna yara, aka ce iskoki ne, aka yi ta yawo da ita gidajen bokaye, gona ta tafi, awaki suka tafi, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke da magani a asibiti. Wannan abu ne da ya faru a gidaje da yawa a ƙasar Hausa, kuma har yau yana faruwa. Mutumin da ya ga haka da idonsa, duk lokacin da 'yarsa ta ce ta ga wani abu, zuciyarsa ce ke faɗuwa, tsoronsa kada wani ya ji ya zo da ƙwarya da turare. Kada ka sa shi ya zauna ya ba da wannan labari da dogon jawabi. Hoto ɗaya a jikin bango da ba ya son a taɓa, da wata kalma da kaka za ta saki sau ɗaya a tsakiyar zango, sun isa.

Abu na gaba: dole wani lokaci ya zama shi ne mai gaskiya. A nan sai ka yanke shawarar irin duniyar da kake ginawa. Scooby-Doo, wanda kamfanin Hanna-Barbera ya fara a 1969, a asalinsa duniya ce da mai shakka ke cin nasara kullum, domin a ƙarshen kowane kashi ana cire wa fatalwa abin rufe fuska a ga mutum ne mai son kuɗi. Taka duniyar akasin haka ce, aljanun da gaske suke. Haɗarin irin taka shi ne uban ya zama wawa na dindindin, yara kullum su ne masu sani. Maganinsa ka cakuɗa. Wani kashin aljani ne, wani kashin kyanwa ce ta haihu a cikin silin, wani kuma ɗan damfara ne da ya ji jita-jitar gidan ya zo cin kasuwa, kuma aljanun gidan da kansu suka fusata da ƙaryar da yake musu. Mai kallo ya daina sanin wanda zai yi gaskiya kafin kashi ya ƙare.

Akwai kashi ɗaya da nake roƙonka ka rubuta, don ina ganin zai iya ceton rai. Yaran sun tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ƙaramar tana magana ba kan gado, kowa a gidan jikinsa ya mutu. Yaran sun tabbata sabon aljani ne ya shigo, suna ta shirin yadda za su tunkare shi. Uban ya shigo, ya dubi inda aka ajiye janareta a soro saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, ya kashe shi, ya buɗe tagogi, ya fitar da kowa waje. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, tana kawo ciwon kai da ruɗewa, kuma tana kashe mutum cikin barci. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya a Nijeriya ta wannan hanya, wani lokaci ma da safe a ce aikin asiri ne ko maita. A wannan kashi har aljanun gidan ka nuna su suna tari suna neman hanyar fita. Za a yi dariya, kuma yaron da ya kalla a Kawo ko Unguwar Sanusi zai tuna ranar da ya ga an shigo da janareta cikin gida. Haka dannau, wanda mutum ke farkawa ya kasa motsi ya ji kamar an danne masa ƙirji. Likitoci sun san shi, yana faruwa idan ƙwaƙwalwa ta farka kafin jiki ya saki daga yanayin barcin mafarki, kuma rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Uban ya ce wa ɗansa ya ajiye waya ya yi barci da wuri, kuma ya zama hakan ne ya yi magani.

Yanzu ga ɓangaren zane, tunda katun kake yi. Dariyar irin wannan tauraro tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mai kallo yake gani da abin da uban yake gani, kuma wannan aikin tsara hoto ne tun kafin a zo ga magana. Ka saba raba fuskar hoton biyu. A gaba uban yana zaune yana gyaran rediyo cikin natsuwa, a bayansa yaran suna kokawa da wani abu da ke ƙoƙarin haɗiye tabarma. Kada kyamara ta bar shi. Idan ka yanka ka koma kan yaran su kaɗai, ka zubar da dariyar. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, kuma yawancin katun na talabijin suna amfani da zane 12 ne ko ƙasa da haka, kowane zane ya tsaya hoto biyu. Wannan yana nufin tsayawar rabin daƙiƙa hoto 12 ne, kuma a wannan ɗan tsakanin dariya take rayuwa ko ta mutu. Uban ya ɗago kai, ya dubi kujerar da ke lilo ba kowa a kai, ka riƙe fuskarsa ba motsi na daƙiƙa guda cur, sannan ya ce ƙasan ɗakin nan ba a shafe shi daidai ba. Idan ya yi maganar da wuri babu dariya, idan ya daɗe sosai sai a ɗauka ya tsorata. Ba za ka gane daidai ba sai ka jera zanen fitowar a kan muryar da aka ɗauka ka kalla, ka ƙara hoto huɗu, ka rage biyu. Shi ya sa ake ɗaukar murya kafin a fara motsa zane.

Wannan tauraro kuma alheri ne ga mai ƙaramin jari. Mutum ne da ba ya firgita, saboda haka ba ya buƙatar zane mai yawa: jiki a tsaye, baki da gira kaɗai ke motsi, wani lokaci hannu ya kai kofin shayi. Duk ƙarfinka sai ka zuba a kan aljanun da yaran. Manhajojin zane irin su Blender da Krita da OpenToonz duk kyauta ne, kuma kowannensu zai iya wannan aiki a kwamfuta matsakaiciya. Wajen zaɓen mai murya, ka nemi dattijo mai magana a hankali, irin muryar da muka saba ji a wasannin kwaikwayon Rediyon Kaduna, kada ka sa saurayi ya kumbura murya. Ka bar shi ya yi Hausar garin nan, da kalmomin ma'aikata da ya kwaso a masaƙa.

Ka yi hattara da dabarar nan ta uba ya juya daidai lokacin da aljani ya ɓace. Sau biyu ko uku tana aiki, bayan haka mai kallo ya gaji. Al'adarmu ta ba ka abin da ya fi ta. Mun taso muna jin cewa aljanu suna rikiɗa su ci kasuwa tare da mutane, ana gane su da kofato. To ka bar uban ya gan su ido da ido. Aljani ya fito masa a siffar mutum, shi kuma ya ɗauke shi baƙo ne ko wani ɗan haya na ɗakin baya, ya yi masa sannu da zuwa, ya sa a kawo masa ruwa, ya dubi ƙafarsa ya ba shi shawarar ya je asibiti a duba, sannan ya tambaye shi ko ya biya nasa kason na kuɗin wuta. Aljanin da ya shekara ɗari yana tsorata mutane ya rasa yadda zai yi da mutumin da ke masa nasiha a kan yawon dare. Daga nan ƙofofi suke buɗewa: wani aljani ya ɗauki rashin tsoron nan a matsayin cin fuska ya lashi takobin sai ya firgita shi, wani ya fara girmama shi yana gaishe shi da safe, wani ya kawo masa ƙarar matarsa. Uban ya zama mutum mafi ƙarfi a gidan ba tare da ya sani ba, kuma yaran su ne ke ta fama don kada ya gane kuma kada a cutar da shi.

Wannan ya kawo ni ga girma. A katun ɗin waje an saba yaro ya juya ido ya yi wa uba gatse. Ka sa haka a nan, uwar da yaranta ke kallo a waya za ta kashe ta karɓe. Yaranka su durƙusa su gaida Baba, su ce to Baba, ko da sun san bayaninsa bai kama hanya ba. Dariyar tana ƙaruwa ma da hakan, domin yaro yana tsaye cikin ladabi yana sauraron bayani a kan iska da taga, alhali wani abu mai ido uku yana rataye a wuyan rigarsa ta baya. Uwa kuma kada ka mai da ita mai ihu kawai. Ita ce a tsakiya, ta san yaranta ba maƙaryata ba ne, ta kuma san halin da maigida yake ciki game da kuɗin haya, sai ta riƙa cewa Malam ko Baban yara, a dai duba, tana rufa wa kowane ɓangare asiri. Tunda Kaduna ce, abu ne na gaskiya ya kasance yana da tsohon abokin aiki Kirista daga Kakuri ko Barnawa da ke zuwa su sha shayi, shi kuma ya fi yaran ma saurin yarda.

Game da su aljanun, ka ƙirƙiri naka. Sunayen iskokin bori irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna suna da masu su da ke ɗaukarsu da gaske, suna kuma da malaman da ke ƙyamar duk abin da ya shafe su, ka taɓa su ka jawo wa kanka faɗa ta fuska biyu. Tatsuniya ta bar maka Dodo da tsamiya da kuka da tsohuwar rijiya da juji, babu mai yi maka gardama a kansu. Ruƙiyya kuma kada ta zama abin wasa a shirin. Idan kana da niyyar shirin ya shiga kasuwar Kano, ka tuna akwai hukumar tace finafinai ta jihar tun 2001.

Saura tambayar da za ta zo maka ko ba jima: shin zai taɓa ganewa? A katun ɗin Gravity Falls, wanda Disney ta fara nunawa a 2012, dattijon da yaran ke zaune wurinsa ya daɗe yana nuna bai yarda da komai ba, daga baya ta bayyana ya fi kowa sani, yana ɓoyewa ne. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi: sai ka shuka alamunta tun kashi na farko, yadda wanda ya koma ya sake kallo zai ga inda idon uban ya ɗan tsaya a kan abin da ya ce bai gani ba. Idan ba ka shuka ba, mai kallo zai ji an yaudare shi. A nawa ra'ayin, ga irin uban da muka zana, kada ka taɓa batun a zangon farko gaba ɗaya. A ƙarshen na biyu ka sa 'yarsa cikin haɗari na gaske, ya shiga ya ɗauko ta daga hannun abin da ba yadda za a yi a kira shi ɓera, ya yi abin da uba zai yi, da safe kuma ya ce wa kowa katangar baya ce ta rufta. Yarinyar kaɗai ta san ya gani, shi ma ya san ta sani. Daga nan kana da sabon zango gaba ɗaya a hannu, domin yanzu mutum biyu ne ke riƙe da sirri, kuma bayanansa na lantarki sun koma kariya da yake yi wa iyalinsa da gangan.

Ka koma kan kashi ukun da ka rubuta. Duk inda uban ya ce babu aljanu, ka goge, ka sa masa bayanin da mai gyaran wuta zai bayar a kan wannan abin da ya faru. Ka zaɓi ɗaya daga cikin ukun ka juya ƙarshensa ya zama shi ne ya yi gaskiya. Sannan kafin ka zana ko hoto ɗaya, ka tara mutum huɗu ko biyar su karanta da murya a zaure, a cikinsu a samu magidanci mai 'ya'ya da kuma yaro ɗan firamare, kai kuma ka zauna gefe da biro kana yin alama a duk layin da ɗayansu ya yi dariya ɗayan bai yi ba.